Lambarmu 5U ce, amma wa ke riƙe da makirfo?

Kowace ƙasa tana da haruffan da ake gane ta da su a iska. Namu na Nijar 5U ne. Najeriya 5N, Mali TZ, Burkina Faso XT, Cadi TT, Benin TY. Duk wanda ya ɗauki makirfo ya faɗi lambarsa, da jin haruffan farko ka san inda yake zaune. Na daɗe ina sauraron wannan duniya daga ɗakina a nan Tawa, da wani tsohon akwati mai kama BLU, wato salon aika murya ta radiyon dogon zango, da doguwar waya da na ja daga kan soro zuwa dogon yaron tsakar gida. Italiyawa nake ji, da ƴan Sifaniya, da Rashawa, in dare ya yi mutanen Barazil su shigo. Lambarmu kuwa ba kasafai take tashi ba. A 2017 wasu ƴan Sifaniya suka sauka Yamai da akwatunansu, suka kafa tasha mai lamba 5U5R ta ƴan kwanaki, sai ga duniya ta yi musu caa, kowa na son ya rubuta a littafinsa cewa ya taɓa magana da Nijar. Da suka naɗe eriyoyinsu suka hau jirgi, zangon ya koma yadda yake.

Waɗannan su ne ƴan radiyon sha'awa. Ba gidan radiyo ba ne irin mai saka waƙa da gaishe-gaishe. Mutum ne ya zauna jarrabawa a kan lantarki da dokokin iska, hukumar ƙasarsa ta ba shi lasisi da lamba, ta ware masa wasu zanguna, ya sayi na'ura ko ya haɗa da hannunsa, yana hira da takwarorinsa na kusa da na nesa. Ba a yarda ya yi ciniki a kai ba, ba a yarda ya karɓi ko dala ba, kuma ba a yarda ya kulle maganarsa ba: duk mai akwati zai ji abin da ya faɗa. Ni ba ni da lasisi, kunne kawai nake sa wa. Sana'ata dasa panno da bateri da gyaran kayan lantarki, amma ina saurayi na yi koyon aiki a hannun wani maigida da ke gyara radiyon BLU na ƙananan asibitocin karkara. Can abin ya shiga raina, bai fita ba.

Ɗan ƙanwata da ke karatu a jami'ar Yamai ne ya tono maganar. Ya turo mini bidiyo ta WhatsApp a kan guguwar Helene da ta afka wa jihar North Carolina ta Amurka a ƙarshen Satumban 2024. Yankin duwatsu ne, turakun salula sun faɗi, ruwa ya cinye hanyoyi, sai ƴan radiyo suka taru a kan wata na'urar miƙa murya da ke kan dutsen Mitchell, suna karanta sunayen waɗanda danginsu ke nema, suna faɗin hanyar da ta buɗe da inda ake rabon ruwan sha. A ƙarƙashin bidiyon ya rubuto: "Kawu, mu mi ya hana mu? Ga ambaliya kowace damina." Na ba shi gajeriyar amsa a lokacin. Ga doguwar.

Abin da ya gani a bidiyon ba ranar guguwar aka ƙulla shi ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Babbar ƙungiyar ƴan radiyon Amurka, ARRL, tun 1914 take, sashenta na gaggawa da ake kira ARES kuwa tun 1935. A dokar da hukumar sadarwar Amurka ta rubuta musu, dalili na farko da aka lissafa na barin su a iska shi ne amfanin da suke yi wa jama'a kyauta, musamman a lokacin bala'i. Masu lasisi a can sun haura 700,000. Jarrabawar matakin farko tambaya 35 ce, kuma tsofaffin ƴan radiyon ne ke zaunar da sababbi su yi musu ita. Kowace shekara a ƙarshen watan Yuni sai su kwashi kaya su fita fili, su kafa tanti, su ɗaga eriya a kan itace, su yi yini da kwana suna magana da bateri da janareta, don kawai hannu ya saba da aiki ba tare da wutar gari ba. Hukumar hasashen yanayi tana horar da su leƙen hadari, su kira su ce ga guguwa mai murɗawa ta taɓa ƙasa a wuri kaza. Cibiyar sa ido kan manyan guguwa da ke Miami tana da tashar ƴan radiyo a cikin gininta, kuma tun 1965 akwai masu zama a kan zangon megahaz 14.325 duk lokacin da guguwa ta tunkaro gaɓa. Da guguwar Maria ta kashe wuta da waya a tsibirin Puerto Rico a 2017, ƙungiyar Red Cross ta nemi a ba ta ƴan radiyo 50, aka tura 22 da kayansu.

Suna da ɗan cika baki, wannan kam duk mai sauraronsu ya sani. In ka ji wani dattijonsu yana ba da labari sai ka ɗauka shi kaɗai ya ceci gari. Kuma a yau kamfanonin waya suna kawo turaku a kan mota cikin kwana kaɗan, ga intanet na tauraron ɗan'adam, don haka kwanakin da ake matsa wa ɗan radiyo sun ragu. Amma akwai abu biyu a tsarinsu da ya kamata mai kallon bidiyo ya lura da su. Bala'insu mai zuwa ne farat ɗaya, ya karya abin da dama yana aiki. Sannan a ɗaya ƙarshen akwai wanda ke jira da jirgi mai saukar ungulu da motocin abinci. Saƙon "muna nan, mutum goma sha biyu, babu magani" yana da amfani ne saboda akwai mai tashi idan ya ji.

Turai ba haka take ba. A daren 31 ga Janairun 1953 tekun arewa ya yi toroƙo ya haura gaɓa, ya kashe mutum sama da 300 a Ingila, sama da 1,800 a Holan. A lokacin doka ta hana ɗan radiyon Ingila ɗaukar saƙon wani, nasa kawai zai faɗa. Bayan wannan ambaliya aka kafa RAYNET, ƙungiyar ƴan radiyon gaggawa ta Birtaniya, a shekarar, aka sassauta dokar. Har yau ba su da girman na Amurka, kuma ba su tashi sai ƴan sanda ko hukumar gari ko masu agaji sun kira su. Yawancin shekara aikinsu tsayawa a bakin hanya ranar tseren gudu ko na keke, a can suke motsa hannu.

Na Faransa ya fi ba ni sha'awa, domin tsarin mulkinmu daga can aka kwafo shi. Kowane yanki yana da ƙungiyar ƴan radiyo da ake kira ADRASEC, da uwar ƙungiya tun 1972, kuma suna ƙarƙashin hukumar kare fararen hula. Perefe ne ke kiransu. Aikin da aka fi saninsu da shi ma ba isar da saƙo ba ne: idan ƙaramin jirgin sama ya faɗi a daji ko a dutse, na'urar kukan da ke jikinsa tana fitar da sigina a kan megahaz 121.5, su kuma su bazu da eriyoyin hannu suna juyawa har su gano inda ƙarar ta fi ƙarfi. Ba'amurke yana ganin kansa mai zaman kansa ne da ya zo taimakon gwamnati. Bafaranshe kuwa sunansa yana cikin takardar perefe tun kafin komai ya faru.

Labarin da na fi so a duk wannan harka daga Indiya yake. Gwamnatin Indiya ta yi shekaru tana hana ƴan radiyo kafa tasha a tsibiran Andaman, saboda wuri ne na soja kuma ana tsoron leƙen asiri. A ƙarshen 2004 aka yarda wa wata mata, Bharathi Prasad, da ƴan tawagarta su je Port Blair su yi irin abin da ƴan Sifaniyan nan suka yi a Yamai, wato wasa, tara lambobi. Suna cikin haka, da safiyar 26 ga Disamba ƙasa ta girgiza, igiyar tsunami ta biyo baya. Wuta ta ɗauke, waya ta mutu. Da janaretan otal ɗin da suka sauka suka tayar da na'ura, tashar wasa ta koma hanyar da tsibirin ke magana da babban yankin Indiya: wane yana da rai, a gaya wa iyalinsa, ana buƙatar kaza a wuri kaza. Hukumar da ta daɗe tana ɗari-ɗari da su ita ce ta riƙa neman a kai wasunsu sauran tsibirai. Da igiyar ta zo wata guda kafin a ba su izini, da babu kowa a wurin.

A Filifin, inda guguwa ke zuwa kusan sau ashirin a shekara, abin ya zama jiki: da an ce ga ta nan sai su hau megahaz 7.095, haka suka yi lokacin Haiyan a Nuwamban 2013. A Nefal kuwa, lokacin girgizar ƙasar Afrilun 2015 da ta kashe kusan mutum 9,000, masu lasisi ƴan kaɗan ne. Wani lauya a Katmandu, Satish Kharel, mai lamba 9N1AA, shi ne muryar da aka fi ji, da wutar rana yake aiki, ƴan radiyon Indiya suna karɓa daga wancan gefe. A nahiyarmu, Afirka ta Kudu ce ke da tsari mai suna, HAMNET, masu taya neman waɗanda suka ɓace a duwatsu da taimakawa lokacin gobarar daji.

Ta fuskar dokar duniya ƙofa a buɗe take. A taron hukumar sadarwa ta duniya na 2003 a Geneva an gyara sashe na 25 na dokokin radiyo, aka yarda ɗan radiyo ya ɗauki saƙon wani ya tsallaka da shi iyaka idan bala'i ne, aka kuma ƙarfafa wa gwamnatoci gwiwa su bar su su shirya wa hakan. Akwai yarjejeniyar Tampere ta 1998, wadda ta fara aiki a 2005, don kada kayan sadarwar agaji su kwana a kwastan. Har zangunan da za a taru an ware: megahaz 14.300 ga kowa, mu kuma da muke yanki ɗaya da Turai da Gabas ta Tsakiya muna da 7.110 da 3.760. Sai dai takardar Geneva ba ta ɗaga eriya. Kowace ƙasa da abin da ta ga dama.

To mu dawo gida, inda maganar ta fi tsawo.

Ambaliyar Yamai ba ta zuwa a ɓoye. Jan ruwan da ke cika kogin Isa a watan Agusta da Satumba daga Sirba da Dargol da Goruwal yake gangarowa, ana auna shi kullum, hukumar kogin da cibiyar nazarin yanayi da ruwa ta AGRHYMET duk a Yamai suke. An san in ya kai santimita 620 an shiga jan gargaɗi. A Satumban 2020 ya tasam ma mita 7, madatsar Lamorde ta fashe, unguwannin hayin kogi suka nutse. A 2024 abin ya fi muni a ƙasa baki ɗaya: sama da mutum 300 suka rasu, sama da miliyan ɗaya abin ya shafa, tsohon masallacin Damagaram ya rushe, ruwa ya datse manyan hanyoyin fita daga Yamai na wasu kwanaki. Amma ku tuna yadda muka ga rushewar masallacin nan. A salula muka gan ta, cikin awa guda ta zagaye ƙasa. Rezo yana nan. Abin da aka rasa kwalekwale ne, da gada, da tamfal, da hatsi. Abin da ke kashe mutanenmu a damina ɗakin ƙasa ne da ya sha ruwa ya faɗo da dare, da korama da ta taso daga ruwan da aka yi a wani gari ta tafi da mai moto. Ko da kowane lungu na Yamai yana da ɗan radiyo, da wuya ya rage ko ɗaya cikin waɗannan.

Inda radiyo ke da aiki a ƙasar nan ba inda rezo ya faɗi ba ne. Inda bai taɓa zuwa ba ne. Ka wuce Abalak ka yi arewa, ko ka bar Cintabaradan ka nufi Tasara, za ka ga mutum ya hau tudun rairayi yana ɗaga salula sama yana neman sanda ɗaya. A can gaggawa ba ta jiran shekara goma. Mace ce naƙuda ta tsaya mata, yaro ne maciji ya sara, mota ce ta mutu nesa da rijiya, wuta ce ta kama ciyawa bayan damina tana cin abin da dabbobi za su ci har bazara. Masu hali a hamada suna riƙe da Thuraya, wayar tauraron ɗan'adam. Motocin ƙungiyoyin agaji kuma kun san su da ƙatuwar eriyar nan ta Codan a gaban mota. Duk radiyo ne, amma babu na ɗan sha'awa a ciki.

Na ga wannan aiki da idona lokacin da nake bin maigidana. A ƙaramin asibitin ƙauye, akwatin BLU yana kan teburi a ɗakin ajiyar magani, an rufe shi da tsumma saboda ƙura. A ƙarƙashin teburin batirin babbar mota, a kan rufi panno ɗaya, a waje kuma waya ce kawai aka ɗaure tsakanin sanduna biyu, tsayinta bai fi mutum ya miƙa gora ya taɓa ba. Kowace safiya a lokaci ɗaya babban asibitin yanki zai fara kira, gari bayan gari. Manjo ya ajiye allura ya zo ya amsa: ƙyanda kaza, sanƙarau babu, allurar rigakafi ta kusa ƙarewa, firijin yana aiki. Kowa na jin na kowa, don haka in wani gari ya ce sanƙarau ya ɓulla, maƙwabcinsa ya riga ya shirya. Na taɓa zama ina gyaran fis sai manjo ya shigo da gudu ya ture ni gefe, ya kama makirfo, yana maimaita sunan garin da cewa mai ciki ce, jini ya ƙi tsayawa, a turo ambilas. Muryar da ta amsa daga can tana shaƙewa tana dawowa, amma ta amsa. Motar ta iso da la'asar.

Wannan ƙasa-ƙasar wayar da na ambata ba talauci ba ne, dabara ce. Idan eriya tana kusa da ƙasa, siginar sama take miƙewa, ta bugi wani sashe na sararin sama da rana ke cajawa, ta zubo a kewaye kamar ruwan da aka watsa wa rufin kwano daga ciki. Da haka tasha ɗaya take rufe kilomita ɗari uku ko huɗu ta kowane gefe, ba ruwanta da duwatsun Adar ko tudun rairayi, ba ta buƙatar turke ko ɗaya a tsakani. Da rana wajen megahaz 7 ake hawa, da dare a sauko wajen 3 da rabi. Abin da ƴan radiyon Filifin ke yi ke nan. Mun iya shi, mun yi shi shekaru. Da salula ta shigo sai aka daina kiran safe, batirin ya koma cajin wayoyi, akwatin ya koma cikin kwali a bayan ƙofa.

Sai radiyon al'umma. Tun da aka buɗe ta Bankilare a 1999 da wutar rana, yanzu sun haura ɗari a faɗin ƙasa, suna magana da Hausa da Zabarmanci da Tamashek da Fulatanci da Barbarci. Su ne ke cewa an ga fari a wuri kaza, kada a tsallaka korama kaza, raƙumi mai alama kaza ya ɓace. Ka haɗa da lasifikar masallaci, da mai shelar sarki, da ɗan kabu-kabu, da direban tasha da ake ba wa saƙo. Wannan shi ne tsarin gaggawarmu na gaskiya, kuma ba na raina shi. Gurguncinsa ɗaya: yana kai magana ƙauye, amma ba ya dawo da ita. Mai sauraro a rugga yana jin gargaɗi, ba shi da bakin da zai ce mu nan ruwa ya riga ya ci mu.

Akwai kuma abin da Ba'amurke bai cika tunaninsa ba. A yankinmu sau da yawa ba iska ce ke kashe sadarwa ba, hannu ne. Bayan zaɓen Fabrairun 2021 an rufe intanet na salula kusan kwana goma. A Satumban 2021 maƙwabtanmu na Zamfara aka kashe musu turakun waya gaba ɗaya saboda ƴan bindiga. A Agustan 2023 Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, wadda a lokacin ita ce kaso mafi yawa na abin da muke sha. Ta uku ɗin radiyo mai bateri zai iya yi wa magani. Na farko da na biyu kuwa, hukumar da ta rufe ƙofa da kanta ba za ta yi murna da wanda ya buɗe taga ba.

Nan ne gizo ke saƙar. A Amurka mai eriya a kan rufi dattijo ne mai abin sha'awa. A nan, tun da aka sa dokar ta-ɓaci a wasu sassan Tawa da Tilaberi a 2017, har hawan moto aka hana a wurare, kuma kowa ya san mutanen daji da oba-oba suke magana. Bayan kisan gillar da ƴan bindiga suka yi a Tiliya a Maris 2021, wa zai ga laifin wanda ya tsargu? Ni kaina wayar da na ja zuwa dogon yaro sai da ta kawo mini baƙo. Wata la'asar mai unguwarmu ya yi sallama, muka gaisa, ya sha ruwa, sannan ya ɗaga kai.

"Malam, wagga igiya ta mi ce? Mutane na ta magana."

"Ranka ya daɗe, ta saurare ce. Shigo ka gani."

Na kunna masa. Muka ci sa'a wani Ba'italiye yana ta kiran lambarsa. Na nuna masa bayan akwatin, babu makirfo, babu inda za a sa shi. Ya daɗe yana saurare, ya ce, "To shi wanga, mi yaka saidawa?" Na ce ba ya sayar da komai, gaisawa kawai yake nema. Ya yi dariya har da tafa hannu, ya ce Nasara ba su rasa abin yi. Amma da zai fita ya juyo ya ce, "Ka dai bar ta ta saurare." Na gane abin da yake nufi, kuma shawarar mai hankali ce.

Wannan tsoro ba mu muka fara shi ba. Amurkar da ake misali da ita ta rufe bakin ƴan radiyonta a 1917, ta sake rufewa a 1941 har aka gama yaƙi. Yukren ta hana nata magana ranar 24 ga Fabrairun 2022. Gwamnatoci da dama da suka shiga yaƙi haka suka yi. Abin da nake ja da shi kawai shi ne lissafin. Ɗan bindiga ba ya zuwa jarrabawa. Oba-obansa a kasuwa ya saye ta, ba lamba, ba suna. Mai lasisi kuwa hukuma ta san gidansa, ta san na'urarsa, dole ya faɗi lambarsa a iska, kuma ba shi da ikon ɓoye ko kalma ɗaya. A cikin duk masu magana a iskar Sahel, shi ne wanda ya fi sauƙin sa wa ido. Idan babu shi, iskar ba ta zama fanko ba, ta zama ta waɗanda ba su nemi izini ba.

Ga kuma kuɗi. Na'urar dogon zango sabuwa mai ɗan kyau da wuya ka same ta ƙasa da sefa 300,000, wasu sun ninka haka, ban da bateri da panno. Saurayin da ke da wannan kuɗi moto zai saya ya shiga kabu-kabu, kuma ya yi daidai. Shi ya sa duk mai mafarkin dubban ƴan radiyo a gidajensu irin na Amurka, a ƙasar nan, yana ɓata lokacinsa.

Wasu za su ce ai Starlink, intanet ɗin nan na tauraron ɗan'adam, ya shigo a hukumance tun 2025, magana ta ƙare. Na dasa wa mutane shi, yana aiki, ba na musu. Amma yana da kuɗin wata, yana shan wuta fiye da akwatin BLU da ke zaune yana saurare, kuma makunninsa yana hannun kamfani da hukuma. Abin da ya fi burge ni a sama wani ne daban. A Nuwamban 2018 ƙasar Katar ta harba tauraron Es'hail-2, a jikinsa akwai sashen da aka bar wa ƴan radiyo kyauta, suna kiransa QO-100. A tsaye yake wuri ɗaya, yana kallon Afirka gaba ɗayanta, daga gabashin Barazil har Tailan. Da farantin talabijin irin wanda ke kan kowane rufi a Tawa, da kan farantin nan da muke saya a kasuwa, da ƴar na'urar aika murya, da wuta ƴar kaɗan, mutum a Tasara zai yi magana da Yamai dare da rana, murya garau. Ƴan Amurka da duk yawansu ba su ganin wannan tauraro. Mu yana bisa kanmu, ba mai hawa.

Da za a tambaye ni, hanyar Faransa zan nuna, a rage mata tsawo. Ba tasha a gidan mutum ba, tasha a cikin ma'aikata: jami'ar Tawa, makarantar ma'adinai da masana'antu ta EMIG da ke Yamai, makarantun koyon sana'a, ofisoshin Kuros Ruj, da gidajen radiyon al'umma waɗanda dama suna da hasumiya da panno da mai gadi. Lasisi daga hukumar kula da sadarwa ta ARCEP da sunan ƙungiya, sunayen masu taɓa makirfo a teburin perefe da na ƴan kwana-kwana, ƙofa a buɗe ga duk jami'in da ke son ya shigo ya saurara. Tasha ashirin da aka san masu su sun fi ɗari biyu da ake zargi. Kuma ɗalibin da ya koyi yanka eriya daidai da zango, ya koyi auna bateri, ya koyi faɗin saƙo a gajarce ba tare da kame-kame ba, ko bala'i bai zo ba ya samu sana'a.

Sai dai duk wanda zai fara, ya fara da tunanin bateri kafin na'ura. Zafin Afrilu da Mayu a nan, da ke haura digiri 40 kullum, yana cinye batirin ruwa cikin shekara biyu idan ba a kula ba, ƙurar hunturu kuma tana toshe fankar na'ura ta lulluɓe panno har wutarsa ta ragu. A asibitocin da muka riƙa zagayawa, akwatin da kansa ba kasafai yake lalacewa ba. Ruwan bateri ne ya ƙafe ba wanda ya ƙara, ko akuya ta tauna kebul, ko iska ta kayar da sanda aka ce sai an turo daga birni. Inda muka tarar da tasha da rai, za ka samu mutum ɗaya ne aka ɗora wa ita da sunansa, yana goge panno ranar kasuwa, kuma ya san gobe da safe za a kira garinsa, in bai amsa ba za a tambayi dalili.